GARMAR DA TA YI TSATSA: AMSA GA MANOMAN BIRNIN GWARI

Ga amsar da aka bayar ta rediyo a filin wasiƙun manoma. Mun buga ta domin waɗanda ba su sami damar saurare ba.

Yau jakarmu ta karkata yamma da Kaduna, domin wasiƙu ukun da za mu duba duk daga ƙasar Birnin Gwari suka fito. Masu su ba su haɗa baki ba, amma a kan abu guda suke magana, watau garmar shanu.

Ta farko daga wani manomi ce a wajen Randagi. Ya ce ɗansa ya nuna masa wasu Turawa a waya, suna tsere a kan dusar ƙanƙara da wasu dogayen katakai a ƙafa, kuma kafin su tashi sai da suka narka wani abu kamar kyandir da dutsen guga a ƙarƙashin katakan. Yana tambaya mene ne wannan, kuma in ya goga wa garmarsa kyandir ko ita ma za ta riƙa zamewa, gama laka na manne mata, shanunsa kuma kan gaji tun kafin hantsi. Ta biyu daga Kuyello, wani dattijo ne da ɓarayin daji suka kore masa shanun huɗa, garmarsa ta yi shekaru a jingine a zaure. Yanzu Allah Ya hore masa wasu bijimai biyu, ya ɗauko garma ya tarar ta yi jawur da tsatsa. Ya gyara ne, ko ya sayar wa 'yan gwangwan? Ta uku kuwa daga wani ɗan kasuwa ce a cikin garin Birnin Gwari, mai sayen tsofaffin garemani yana kai wa kasuwannin ƙauye, yana so ya san yadda zai gane ta kirki.

To, madalla. Bari mu fara da kai, Malam na Randagi.

Abin da ka gani gaskiya ne, ba siddabarun waya ba ne. A ƙasashen arewacin Turai, irin su Norwe da Suwidin da Finlan, dusar ƙanƙara takan rufe ƙasa wata da watanni, mai tafiya da ƙafa sai ya riƙa nutsewa har gwiwa. Tun kaka da kakanni mutanen can suka koyi ɗaura dogon katako siriri a kowace ƙafa, su riƙe sanda biyu, su riƙa zamewa. Da haka suke farauta suke kai saƙo, yau kuma abin ya zama wasa. A Suwidin akwai wani tsere da ake kira Vasaloppet, tun 1922 ake yin sa, tsawonsa kilomita 90. Ka ga duk wanda zai tura kansa wannan nisa da ƙarfin ƙafa da damtse, ba zai yi wasa da ƙarƙashin katakonsa ba.

A da, lokacin da katakon na itace ne zalla, wata irin kwalta da ake samu daga itace suke shafa masa, su gasa ta shiga jikinsa don kada ya sha ruwa. A 1946 kamfanin Swix ya fito da kaki kala uku: kore na tsananin sanyi, shuɗi na matsakaici, ja na lokacin da dusar ta fara jiƙewa. Yau ƙarƙashin katakon wata roba ce mai santsi, kakin da suke narka mata kuwa ɗan'uwan kyandir ne, daga man fetur ake samun su duka. Amma ka kasa kunne ka ji yadda suke yi, domin a nan darasin yake. Sukan share datti tukuna, su ɗiga kakin, su baje shi da dutsen guga mai ɗumi kaɗan, su bar shi ya huce. Sa'an nan su kankare shi kusan duka, su bi da buroshi daga gaba zuwa baya. Abin da ya rage ido ba ya ma ganinsa. In suka bar shi da kauri datti zai kwasa, katakon ya riƙa ja da baya. Lokaci guda ne kawai suke lafta shi da kauri su ƙyale, watau ran da sanyi ya wuce za su jingine katakon har baɗi.

Yanzu ga amsar tambayarka, kuma ba zan ɓoye maka ba: a'a, kyandir ba zai sa garmarka ta zame a gona ba. Dusar ƙanƙara ruwa ce da ta daskare, ƙasar gona kuwa dutse ne da ya niƙe. Kafin shanunka su kai ƙarshen kunya ta farko, yashi ya cinye kyandir ɗin tas. Kuɗinka kawai za ka ƙona.

Abin da ke sa garma ta zame shi ne ƙyallin ƙarfen kansa. Akwai labarin da ya tabbatar da haka. A jihar Ilinoyi ta Amurka, manoman da suka fara zuwa can sun tarar da baƙar ƙasa mai danƙo, garemaninsu na zubin ƙarfe ne masu kaushi, in sun yi 'yan taku sai su tsaya su kankare laka da katako. A 1837 wani maƙeri mai suna John Deere ya ɗauki tsohon zarton injin yankan katako, ya lanƙwasa shi, ya goge shi har yana ɗaukar ido, ya yi garma da shi. Sai laka ta daina kamawa. Sunan wannan maƙerin ne kuke gani a jikin korayen taraktocin nan. Ba mai ya shafa ba, ba kaki ba, santsin ƙarfe ne kurum.

Garmar da muke huɗa da ita ma haka take. Tun shekarun 1920 Turawan mulki suka fara koya wa manoman Arewa noma da shanu, saboda auduga da gyaɗa, kuma garmar da ta fi bazuwa ita ce samfurin Emcot mai fuka-fukai biyu, wadda kamfanin Ransomes na Ingila ya ƙera, daga baya maƙeranmu suka ɗauki fasalinta. Ka dubi garmar da ta yi sati biyu tana aiki: fuka-fukanta fari fat, har kana ganin inuwar fuskarka. Ƙasa ce ta yi maka wannan gugar kyauta, shanunka kuma suka biya da guminsu. Bakin garma aikinsa ya ciji ƙasa, fuka-fukai aikinsu su sake ta. Su ma Turawan can, a tsakiyar katako inda ƙafa ke takawa wani kaki mai kamawa suke sawa, gaba da baya kuma mai santsi. In bakin ya dakushe, fuka-fukai kuma suka yi kaushi, to, garma ta koma tura ƙasa maimakon kifar da ita, kunya ta fito a wargaje, shanu na nishi.

Wani abu kuma, Malam, ba kullum laifin garma ba ne. Ƙasar laka, musamman ta fadamun da ke bin kogin Mariga da rafukansa, in ta sha ruwa da yawa ko sabuwar garma sai ta kama. Ka damƙi ƙasar a hannu ka matse, ka sake ta daga tsayin ƙugu. In ta faɗi ta watse, ɗaura shanu. In ta faɗi a dunƙule kamar tuwo, ka ba ta wuni guda, ka tafi jigawa ka yi aiki. A Turai har garma mai fuka-fukan roba ake yi saboda irin wannan ƙasa, robar kuma dangin ta ƙarƙashin katakon nan ce. Amma a gonar da babu duwatsu take aiki. Tsakuwa da marmarar ƙasarku ba za su bar ta ta ga ƙarshen damina ba.

Saboda haka daga aikin Turawan nan biyu, na biyun ne namu, watau na ajiya. Kuma a nan ne yawancin manoma ke yin asara ba su sani ba. Mutane suna tsammani da rani garma ke lalacewa. Ina! Iskar hunturu busasshiya ce, ba ta cika cin ƙarfe ba. Tsatsa ruwa take so da iska. Yaushe kake gama huɗa da ban ƙasa? A cikin Yuli ko farkon Agusta, daidai lokacin da marka ke sauka, ko'ina danshi. A kwance shanu, a jefar da garma a gindin mangwaro da laka a jikinta, a ce sai baɗi. Ƙarfen da ya fi ƙyalli shi ya fi saurin kamuwa, gama ba abin da ya rufe shi. Kwana biyu ya yi ja, wata biyu tsatsar ta fara haƙa ramuka.

Ka lissafa abin da wannan sakaci ke ci. Farkon damina shi ne lokacin da bijimi ya fi rama, ya fito daga rani ba ciyawa, ga wanda ke kusa da dajin Kamuku kuma ga ƙudan tsando da sammore. A wannan hali za ka rataya masa garma mai kaushi, ya yi kwanaki yana goge tsatsar da kai ka tara. Kwanakin nan kuwa su ne masu tsada a shekara, masara ba ta jiran kowa. Mai huɗar haya kuma, gonar da bai kai gare ta yau ba wani ne zai huɗa ta gobe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga yadda za ka yi, kuma a ranar da ka gama aiki, ba washegari ba. Kankare laka da katako, kada ka sa adda ko fartanya su karce maka ƙarfe. Wanke da ruwa, ka lura da bayan fuka-fukai da gindin notuna, nan laka ke ɓuya. Goge da tsumma, ka bar ta a rana ta bushe ƙayau, domin in ka shafa mai a kan danshi ka kulle ɓarawo ne a cikin ɗaki. Sa'an nan ka lafta wa baki da fuka-fukai da ƙarfen ƙarƙashi maiƙo, da kauri, kada ka bar ko tafin yatsa.

Wane irin maiƙo? A ganina giris ya fi duka, irin na mota, domin ba ya tsiyayewa. Na san yawancinku baƙin mai kuke karɓowa wajen bakanike, kuma ba zan ce ba ya aiki ba. Yana yi, sai dai yana tsiyayewa, sai an sake shafawa bayan wata biyu ko uku. Bugu da ƙari dattin inji ne a cikinsa, yana cutar da fata, don haka da tsumma a kan sanda za a shafa, ba da tafin hannu ba, kuma ba aikin yara ba ne. Kada a zubar da ragowarsa a gona ko kusa da rijiya. Su ma masu tseren ƙanƙarar, akwai wani kaki mai sinadarin fulorin da ya fi kowane santsi, amma daga kakar 2023 zuwa 2024 hukumar wasan ta duniya ta haramta shi a gasanninta, saboda gubarsa na zama a jikin mutum da cikin ƙasa.

Man gyaɗa da manja ban ba da shawararsu ba. Tururuwa da ɓeraye za su yi buki, akuya ta lashe sauran. Amma ga wani abu da kuke da shi a ƙofar gida. Ƙasarku ƙasar kaɗanya ce da zuma, kuma masu ɗiban zuma da yawa matse saƙar suke yi su yar. Wannan saƙar ita ce kaki. Narka shi a gwangwani a wuta marar ƙarfi, ka zuba man kaɗe kamar ninki biyu nasa, ka motsa, ka shafa da ɗuminsa a kan ƙarfen da rana ta gasa. In ya huce zai kama kamar fata, ruwa ba ya ratsa shi. In ba kakin zuma, to, Malam na Randagi, ga inda kyandir ɗinka zai yi rana. Sai dai kada ka ɗora garma a kan wuta don kakin ya narke, zafi mai yawa yana kashe taurin bakin.

Wurin ajiya kuma: ƙarƙashin rufi, a kan duwatsu ko katako, kada ƙarfe ya taɓa ƙasa. Nesa da turken dabbobi, nesa da buhunan takin zamani. Yuriya da sauran taki gishiri ne a wajen ƙarfe, suna jawo danshi, garmar da ta kwana ɗaki ɗaya da su ta fi ta waje shan wuya. In damina ta zagayo, goge maiƙon da tsumma kafin ka shiga gona, abin da ya rage ƙasa za ta ɗauke.

Baba na Kuyello, yanzu gare ka. Da farko muna yi maka jaje, muna kuma taya ka murna. Ba kai kaɗai ba ne. Shekarun da ɓarayi suka addabi ƙasar Birnin Gwari, gonaki da yawa sun koma daji, kasuwar shanu ta garin ma ta yi shekaru a rufe, sai a watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je ya sake buɗe ta bayan sulhu. Garemani irin taka suna nan jingine a zauruka da kangaye. Allah Ya zaunar da ƙasar lafiya.

Kada ka yi saurin kai ta wa 'yan gwangwan, gama su da kilo suke saye, kai kuma sabuwa da tsada za ka saya. Tsatsa takan fi ban tsoro a ido fiye da ɓarnarta. Ɗauki guduma ƙarama ka ƙwanƙwasa fuka-fukan. In suka yi ƙara tangaran, da sauran ƙarfe. In ka ji ƙarar ta mutu, ko ɓawo na zubowa kamar na gyaɗa, ko ka ɗaga wa rana ka ga haske ta wani rami, wannan fiffiken ya gama aiki, maƙeri ya yanka maka wani. Ƙashin bayan garma shi ne dukiyar. In yana nan a miƙe bai karkace ba, duk sauran ana sakewa.

Notuna kada ka hau su da ƙarfi, za su karye a ciki. Jiƙa su da kananzir ko man gas su kwana biyu, kana ƙwanƙwasawa a hankali. Wanda ya ƙi, maƙeri ya ɗan gasa shi. Fuka-fukan kuma ka fara da buroshin waya, ka bi da samfefa mai kaushi, ka gama da mai laushi. In babu, gutsuren jan bulo ko yashin rafi a tsumma da ɗan kananzir ya isa, sai dai haƙuri. Wasu kan jiƙa ƙananan ƙarafa a ruwan tsamiya mai kauri su kwana, yana kuwa cin tsatsa marar zurfi, amma da ka cire sai ka ɗauraye, ka busar, ka shafa mai nan take, in ba haka ba kafin la'asar ta dawo. Abu guda da nake so ka riƙe: ka riƙa guga ta hanyar da ƙasa ke bi, daga baki zuwa ƙarshen fiffike, kada ka gitta. In mai walda ya ce zai bi maka da injin gurza, ka tsaya a kansa, domin in ya danna ya gitta, kwaruruwan da zai bari su ne laka za ta riƙe.

Hannu ba zai taɓa kai ta ƙyallin da ƙasa ke bayarwa ba. Saboda haka ranar farko kada ka kai ta laka. Nemi jigawa mai yashi, ƙasa da ɗan danshi, ka sassauta zurfi, ka yi kunyoyi kaɗan. Hakan ma ya fi wa sababbin bijimanka, su saba da karkiya ba tare da an karya musu zuciya ba. Bakin kuwa, in ya dakushe ko ya gajarce, a kai wa maƙeri ya daɗe shi ko ya ƙera sabo da sifirin mota. Tayar gaba ka cire ta, ka wanke tsohon giris da kananzir tukuna. Giris da ya haɗu da yashi dutsen niƙa ne, shi ke cinye ƙarfen da tayar ke juyawa a kai har ta riƙa rawa. Karkiyar da ta yi shekaru a ajiye kuma ka duba gara, ka shafa hannu inda take zama a wuyan sa, in akwai kaushi ka goge ka shafa man kaɗe. Baƙin mai kada ya kusanci wurin nan. Sa mai gyambo a wuya ba ya ja.

Alhaji ɗan kasuwa, rabin amsarka ka riga ka ji ta. Abin da zan ƙara maka shi ne ka yi hattara da sabon fenti. Garmar da aka wanke da fenti har fuka-fukai, sau da yawa ramuka aka rufe. Sa ƙusa ka ɗan karce, ka shafa tafin hannu, ka leƙa ta baya inda mai fenti ba ya kaiwa. Ajiye ta a ƙasa mai daidai ka tsaya a gabanta ka duba: baki da ƙashin baya su zama layi ɗaya, fuka-fukan biyu su buɗe daidai wa daida. Wadda ta karkace za ta riƙa jan shanu gefe guda, mai riƙo ya wuni yana kokawa, kuma wanda ka sayar wa zai dawo maka da ita ran kasuwa a gaban jama'a. Waldar da aka yi a ƙashin baya ita ma rage mata kuɗi. Kai ma in za ka gyara don sayarwa, fenti na ƙashin baya da mariƙai ne, fuka-fukai giris za ka sa, domin manomin da ya san garma ƙarfe yake so ya gani.

Akwai wasiƙa daga Dogon Dawa a kan amalanken shanu da tayarta ke yawan cin bori, lokaci bai bar mu mun kai gare ta ba, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.